Ranar da Darakta Zailani Ya Ƙaddamar da Gas

Da Malam Zailani ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya dawo unguwarmu da tsohuwar jakar hannu a hammata da wani ra'ayi a ka, wai ilimin yaran Jigawa ya mutu, in kuma ba shi ya tashe shi ba, to sai dai a haɗa masa likkafani. Aikin da ya yi a wata ma'aikata a nan Dutse shi ne tsaron ɗakin fayil. A kawo fayil ya ajiye, a nemi fayil ya ce a dawo gobe. Amma in ka ji shi yana ba da labari a majalisar ƙofar masallaci, sai ka rantse ba a taɓa sa hannu a wata takarda a jihar nan ba sai an leƙo an tambaye shi.

"Ai saura ƙiris in zama darakta," in ji shi. "Hassada ce ta hana."

Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne injin markaɗen matarsa Suwaiba. Injin yana cikin shagon da ke jikin gidansu, kuma tun da ya bar aiki Suwaiba ta sallami mai ja mata shi ta ɗora mijinta. Tun safe yana cikin tattasai da attaruhu da jiƙaƙƙen wake. Yara da tsofaffin da ke kawo markaɗe ba su san wani abu wai shi fayil ba. "Baba mai inji, bai yi laushi ba!" "Baba mai inji, ka cika ruwa!" Sunan ya bi shi har wurin ɗaurin aure, inda sanƙira ya ɗaga murya ya sanar da jama'a cewa Baba mai inji ya iso. Ran nan ko goro bai tsaya karɓa ba, ya juyo gida.

Ya tarar da Suwaiba tana tsince wake a tsakar gida.

"Suwaiba, gobe za a fitar da injin nan daga shago."

"Ya lalace ne, Malam?"

"Ƙasa ce ta lalace. Cibiyar ilimi zan buɗe. Karatu, rubutu, tarihi, kimiyya, duk ni zan koyar."

"Kai kaɗai?"

"Wa kika ga ya rage?"

Suwaiba ba mai yawan magana ba ce. Ta hure ƙaiƙayi daga faifai, ta ce, "Ga shi an ba yara dogon hutu. Na ara maka shagon har a koma makaranta, inji ya zauna a zaure. In iyayen yara suka ce sun gamsu, za su ci gaba da turo 'ya'yansu, shago ya zama naka. In ba su ce ba, inji ya koma wurinsa, kai ma ka koma wurinka."

"Sharaɗi babu shaidu?"

"Waken nan ma ya isa shaida."

Kafin mako ya zagayo an kafa allo a saman ƙofar shago, an rubuta CIBIYAR FARFAƊO DA ILIMI, ƘARƘASHIN DARAKTA ZAILA, don a nan katako ya ƙare wa mai fenti. Iyaye kuwa suka yi ta turo yara. Ba wai sun yarda da shi ba ne, amma duk mai ɗa ya san yaro a dogon hutu ya fi akuya ɓarna, kuma duk wanda ya ce zai tsare maka shi daga safe zuwa azahar, ba ka tambayarsa takardar shaidar koyarwa.

Ranar farko, bai gama share maƙogwaro ba sai wata yarinya ta ɗaga hannu. Hadiyya ce, jikar Inna Yagana mai ƙosai, 'yar aji biyar mai idon tambaya.

"Malam..."

"Darakta."

"Darakta, me ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa?"

Malam Zailani ya dubi rufin shago, rufin shago bai ce komai ba. Amma shekarun da ya yi a ofis sun koya masa cewa babu tambayar da ta cancanci amsa a ranar da aka yi ta.

"Tambaya mai kyau," ya ce. "Amma ta biyo hanyar da ta dace?"

Nan take ya tsara cibiya yadda ya san ana tsara wuri. Hadiyya ta zama Daraktar Karatu da Rubutu. Wani siririn yaro, Mu'az, ya zama Daraktan Tarihi. Zuhair, ɗan mai unguwa Alhaji Abdussamad, ya samu Kimiyya. Shi kuma da ya ga daraktoci sun yi yawa, ya ƙara wa kansa girma zuwa Babban Darakta. Ƙananan yara duk aka naɗa su masinjoji. Mai tambaya ya rubuta, ya ba masinja, masinja ya kai wa daraktan sashe, darakta ya kira kwamiti, kwamiti ya aika teburin Babban Darakta. Shi kuma ya karanta, ya kaɗa kai, ya ce "Za a duba," ya ɗora dutse a kai don kada iska ta ɗauke. Tambayar walƙiya ce ta fara shiga ƙarƙashin dutsen.

Darasin karatu ba wuya. Ya zazzage jakarsa, tsofaffin takardun sanarwa na ofis suka zubo, ya raba wa yara. In ka wuce ta ƙofar shago da hantsi, sai ka ji 'yan aji uku sun haɗa baki suna rera dokokin tafiya hutun shekara da ƙa'idar canjin wurin aiki. Rubutu kuwa jimla ɗaya ce ƙofarsa, duk abin da za ka rubuta sai ka fara da "An umarce ni da in sanar da kai." Wani yaro ya tambaya wa ya umarce su, aka ce ya rubuto.

Tarihi ne ya fara jawo magana. Babban Darakta ya ce ba a koyon tarihi a zaune, don haka wata Talata ya sa kwat a kan kaftani, ya jera yara, suka hau duwatsun bayan unguwa. Ya zaɓi dutsen da ya fi kowanne tsayi a wurin, ya rarrafa ya hau shi kaɗai, ya miƙe, ya nuna yamma da laima.

"Kun ga waccan hanyar? Hanyar Kano ke nan. Ta nan tarihi ya shigo garin nan, shekarar da aka ba mu jiha. A bayan wata akori-kura ya shigo, an shaƙe ta da fayil-fayil, ni kuma ina zaune a kai."

Mu'az ya manta da hanyar da ta dace, ya ɗaga murya daga ƙasa. "Darakta, kafin ku zo babu mutane a Dutse?"

"Akwai. Amma ba su da fayil."

"Kakana ya ce tun kaka da kakanni akwai gari a Garu, da sarki da kasuwa."

"Kakanka ya kawo a rubuce."

Daga nan ya bi tarihin jiha daki-daki, wato shekarar da aka sayo masa tebur, da shekarar da aka ƙwace teburin, da shekarar da wani babban sakatare ya ce masa sannu a kan matakala. Yana cikin bayanin sannun nan hadari ya taso daga gabas. Ya juya zai sauko, sai ya ga ashe dutsen da aka hau da rarrafe ba ya saukuwa da takalmi sau-ciki. Ya miƙa ƙafa, ƙafa ba ta taɓa komai ba. Ya mayar da ita.

"Ku kira mutane!"

Yara suka dubi juna. Mu'az ya ce tun da a darasin tarihi abin ya faru, sashensa ne zai aika. Zuhair ya ce faɗowa daga sama maganar kimiyya ce. Hadiyya ta ce ko ma na waye, sai an rubuta, kuma babu wanda ya zo da biro. Suka zauna a gindin dutse suka buɗe taro.

"Na ce ku kira mutane!"

"Ana dubawa, Darakta," in ji Zuhair.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yara suka shige ƙarƙashin wani kogo suka ci gaba da taro a bushe. Allah ya taimaka maƙwabcinmu Mammadu yana kiwon shanunsa a gangaren, ya hango wani abu baƙi a kan dutse yana ɗaga laima. Ya hau ta baya, ya ɗaura wa Babban Darakta igiya a ƙugu, ya zuro shi a hankali yadda yake fito da maraƙi in ya faɗa rami. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, Malam Zailani ya matse gefen kwat, ya ce wa yara wannan shi ake kira darasi a aikace.

Ba a daɗe ba ilimi ya fara isa gidaje. Alhaji Abdussamad ya sa Zuhair ya wanke masa babur. Zuhair ya tara ƙannensa, suka kewaye babur, suka dudduba, da yamma suka kawo rahoto cewa lallai babur ɗin yana da datti. A wani gidan aka aiki yaro sayen magi, ya ce ba sashensa ba ne. Inna Yagana kuwa, kasko na kan wuta, ta ce wa Hadiyya ta ruga ta sayo mai.

"Inna, ki dawo gobe," in ji Hadiyya. "Mai kula da aike ba ya nan."

Inna Yagana ba ta dawo gobe ba. A ranar ta iso ƙofar cibiya da matsamin ƙosai a hannu, mai unguwa na biye da ita, 'yan kallo na biye da mai unguwa.

"Ina Mai inji?"

"Babban Darakta yana taro," in ji wani masinja da bai fi ƙugunta tsayi ba.

Ta ɗaga shi ta ajiye gefe, ta shiga. "Kai, Mai inji! Na kawo maka yarinya tana jin aike, ka mayar min da ita ma'aikaciyar gwamnati. Me ka koya mata?"

"Tsari, Inna. Ƙasa ba ta ci gaba sai da tsari."

"Tsarin ne zai soya min ƙosai?"

Da ya yi shiru a nan, da an rabu lafiya. Amma Malam Zailani bai taɓa ganin rami ya kewaye ba. Ya gyara hula, ya dubi jama'ar da ta cika ƙofa.

"Shi zai soya. Ku zo ranar ƙarshen hutu. Yaran nan da kuke rainawa za su haɗa gas ɗin girki da kashin shanu, a kunna a gabanku. Daga ranar, Inna, kin daina sayen itace."

Mai unguwa ya shafa gemu ya ce, "To, Malam Zailani, mun ji. Za mu zo. In mun ga wuta, yara su ci gaba. In ba mu gani ba, kowa ya kama ɗansa."

Maganar gas ɗin nan tana da asali. Shekarun baya an yi wani taron bita a kan haka, Malam Zailani ya halarta a matsayin mai riƙe wa ogansa jaka. Ya ga farkon bayanin, ya ga ƙarshensa, tsakiyar ce barci ya ci. Da abin da ya rage a kansa aka fara aiki. Aka samo shuɗin duron roba, yara suka yi ta jido kashin shanu daga garken Mammadu a bokitai, aka dama da ruwa, aka ɗura, aka rufe. Aka naɗe murfin da robar tsohuwar taya, aka shafe da kwalta, aka dasa ɗan famfo a sama, shi ma kwalta ta sha kansa. Aka jingine duro da katangar gidan, gefen shago, inda rana ke dukansa tun daga hantsi. Kwana biyu masu sallah a masallacin unguwa suna gajarta addu'a saboda wari.

Bayan 'yan makonni Zuhair ya rubuto yana neman izinin buɗe famfo a gwada.

"Ba a taɓa aiki kafin ƙaddamarwa," in ji Babban Darakta, ya ɗora dutse.

Zuhair ya sake rubutowa cewa duro ya fara kumbura. Wannan ma ta shiga ƙarƙashin dutse. Mammadu da ke wucewa da shanu ya tsaya ya ƙwanƙwasa cikin duron da sanda, ya saurara.

"Malam, abin nan ya yi kama da saniyar da ta ci gyauron dawa."

"Kai da shanu aka sani, Mammadu. Bar kimiyya ga masu ita."

Gaskiyar magana, Malam Zailani bai taɓa sa ran ko tusar gas za ta fito daga duron nan ba, kuma hakan bai dame shi ba. Ya halarci ƙaddamarwa ba adadi, kuma a saninsa aiki daban, ranar ƙaddamar da shi daban. Ya taɓa bin tawaga wani ƙauye buɗe rijiyar burtsatse da ko ɗigo ba ta bayarwa. Tun da safe aka kawo tankar ruwa aka cika tankin, babban baƙo ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka tafa, aka ɗauki hoto, kowa ya koma gida da farin ciki. Shi a wurinsa haka ake yi, wanda ya tsaya gwaji ma bai san aiki ba.

Saboda haka ana jibi taro ya ce wa Suwaiba tukunyar gas ɗinta tana yoyo, ya ba wani mai babur ya kai ta Kiyawa wurin gwanin gyara. Abincin baƙi kuma a dafa da itace, ai dafa-dukan itace ya fi daɗi. Tukunya dai ba ta ga Kiyawa ba. Bayan akurkin kaji ya kai ta, ya lulluɓe da buhu, ya jona mata dogon tiyo, ya zura shi ta rariyar katanga, ya ɓullo ta bayan duro, ya haɗa da ɗan murhun gas da aka aza kan tebur. Duk wanda ya duba daga gaba zai rantse daga duro tiyon ya fito.

Ranar Asabar ɗin da asuba aka yi ruwa mai ƙarfi, amma kafin hantsi gari ya washe, rana ta buɗe sosai. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka aro lasifika. Layin gaba, dab da duro, an keɓe shi ga manyan baƙi. Mai unguwa ya zauna a tsakiya cikin farar shadda da aka karɓo daga wurin mai guga a ranar, Inna Yagana na gefe da sabon mayafi. Mu da ba manya ba muka tsaya baya, abin da har yau muke gode wa Allah a kai.

Babban Darakta ya ɗauki lasifika ya gaisar da kowa da muƙaminsa, har da waɗanda ba su zo ba. Hadiyya ta fito ta karanta jawabin maraba da ta rubuta da kanta.

"An umarce ni da in sanar da ku cewa kun zo."

Ta koma ta zauna. Mai unguwa ya ce bari ya ɗan gwada tarihi, ya kira Mu'az ya tambaye shi me ya sa ake kiran garin nan Dutse. Mu'az ya tsaya a gaban duwatsun da suka tokare sama a bayansa, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, maganar tana kan teburin Babban Darakta."

Aka fara gunaguni. Malam Zailani ya yi maza ya ce lokaci ya ƙure, a wuce ga babban abin da ya tara mu. Ya leƙa cikin gida kamar mai duba abinci, ya murɗe kan tukunya a bayan akurki, ya dawo yana goge hannu. An ɗaura jan ƙyalle daga ƙafar rumfa zuwa ƙofar shago. Mai unguwa ya yi bisimilla ya yanka da almakashin tela, aka miƙa masa ashana, ya ƙyasta, ya kai bakin murhu.

Wuta ta kama, shuɗiya shar, ba hayaƙi.

Wallahi mun yi mamaki. Yara suka yi tsalle, mata suka rangaɗa guɗa, Zuhair har da hawaye. Inna Yagana ta matso ta sa hannu ta ji zafi, ta janye, ta ce, "Ikon Allah. Kashin shanu?" Aka ɗora butar shayi. Malam Zailani ya harɗe hannu a baya yana kallon allon saman shago kamar mai tunanin ƙara masa katako.

Mai unguwa ya karɓi lasifika. "To jama'a, gani ya kori ji. Mun zargi bawan Allahn nan, ashe aiki yake yi. Ni dai nawa yaran, ko an koma makaranta, za su ci gaba da..."

Wuta ta yi fat ta mutu.

Abin da ya faru a cikin gida shi ne ruwan asuba ya jiƙa itace. Suwaiba ta yi ta hura, hayaƙi ya yi ta cin idonta, shinkafa ta ƙi ko motsi. Ta zagaya bayan akurki neman busasshen kara, ta ga buhu ya yi wani irin tsayi, ta ɗaga.

Mu a waje, abin da muka gani shi ne tiyo ya fizge daga murhu, ya faɗo ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin kujerar mai unguwa, ya wuce duro ko kallonsa bai yi ba, ya shige rariya kamar maciji. Jim kaɗan Suwaiba ta bayyana a bakin zaure da hijabi, idanu jajur, tiyo a naɗe a hannu.

"Malam, ashe Kiyawa a bayan akurki take?"

Ta juya, ta koma ta ɗora girkinta.

Inna Yagana ce ta fara magana. "Mai inji, saniyar da ta ba da wannan gas ɗin, a gidan mai ake kiwonta?"

Dariya ta ɓarke daga baya ta yi gaba. Malam Zailani ya ɗaga hannu biyu. "Jama'a, 'yar matsala ce ta fasaha, za a du..."

"Darakta," in ji Zuhair, "ai namu ba a buɗe shi ba ma."

Mai nutsewa ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Malam Zailani ya juya wurin duro, wanda rana ta gasa tun safe har ya yi tumbi. "Daidai! Wancan na share fage ne. Yanzu za ku ga na gaskiya. Manyan baƙi su matso."

Ya kama famfo ya murɗa, kwalta ta riƙe. Ya sa hannu biyu, ya ciji leɓe, famfo ko gezau. Ya aika masinja zaure ya ɗauko masa babbar sifanar injin markaɗe. Mammadu da ke tsaye gefe ya ja sandarsa ya koma bayan bishiyar darbejiya. Malam Zailani ya ɗaga sifana ya sauke ta a kan famfo da dukkan ƙarfinsa.

Ƙarar dai an ce har bakin titi an ji ta. Murfin duro ya yi sama, ya juya, ya sauka kan kwanon shago. Abin da ke ciki kuwa, wanda ya yi makonni yana jiran izini, ya fito gaba ɗaya. Ya fara da Babban Darakta, ya bi layin gaba daga dama zuwa hagu bai tsallake kowa ba, ya taɓa rufin rumfa ya dawo kan layi na biyu. Farar shaddar mai unguwa ta koma launin da ba shi da suna. Butar shayi ma ta samu rabonta.

Ba wanda ya motsa. Sai ɗiga ake ji daga rumfa.

"Ya yi!" Zuhair ya daka tsalle. "Baba, ya yi! Gas ɗinmu ya yi!"

"Na ji a jikina," in ji mai unguwa.

Mammadu ya leƙo daga bayan darbejiya. "Ashe da gaske kimiyya ce, Malam. Da ka tambayi duron tun farko, da ba ka wahalar da tukunyar Hajiya Suwaiba ba."

Hadiyya, wadda ta tsira don tana bayan kakarta, ta ɗaga hannu. "Darakta, wannan kuma tare aka gani aka ji."

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Malam Zailani ya share ido da gefen hula, ya laluba ya ɗauki lasifika. "A madadin hukumar cibiya, ina mai farin cikin sanar da cewa an ƙaddamar da..."

Mai unguwa ya miƙe a hankali, yana riƙe da riga nesa da jikinsa, ya zare wayar lasifikar. "Kowa ya kama ɗansa," ya ce.

Washegari da safe Mammadu da wasu samari suka ciccibo inji daga zaure suka mayar shago, aka sauke allon aka tokare ƙofar akurki da shi. Malam Zailani ya tsaya yana kallo, kuma a gaskiya ya ban tausayi, don ban taɓa ganin mutum ya yi nasara ta kayar da shi haka ba. Ya sami Suwaiba tana shafa wa inji mai.

"Suwaiba, ke ma kin ji ƙarar. Gas ɗin nan ya yi. A ƙara min ko wata ɗaya."

"Ka rubuto, Malam."

Ya dube ta ko wasa take yi, bai ga alama ba. Ya shiga ɗaki, ya zauna, ya rubuto da kyakkyawan rubutunsa na ofis, ya kawo mata da hannu biyu. Ta karanta tun daga "An umarce ni" har sa hannu, ta kaɗa kai, ta ajiye a kan kantar shago. Dutsen nan nasa yana gefe, ta ɗauka ta ɗora a kai.

"Za a duba," ta ce, ta shige gida.

Yana nan tsaye sai ga Hadiyya da roba cike da jiƙaƙƙen wake.

"Baba mai inji, in ji Inna a markaɗa, kuma wai ya yi laushi."

Malam Zailani ya dubi waken, ya dubi yarinyar, ya gyara tsayuwa.

"Ki dawo go..."

Daga cikin zaure Suwaiba ta yi gyaran murya. Ya naɗe hannun riga, ya ja igiyar inji.